Kujerar Suwaiba

A kotun majistare ta Leeds, ranar Talata,
tafinta ta ɗaga takarda ta karanto maganata,
na ji ta kamar daga bakin wani.
"Zan ga bayanka," in ji ni, ƙarfe biyun dare.
Ta mayar da ita Turanci, ba ragi, ba ƙari,
sai na ga alƙaliya ta sauke tabarau.

Fam dubu biyu na ba Nafi'u
ya cika ya sayi motar jigilar kaya.
Wata takwas ina bi, yana ce mini gobe,
goben da alfijirinta ya ƙi ketowa.
Sai na koma kan waya.
Saƙo sittin da uku, su suka ƙirga,
mai fushi ba ya riƙe lissafi.
Sau huɗu na tsaya ƙofar gidansa a Harehills,
ina cikin mota, fitila a kashe,
ko ƙyauren ban taɓa ba.

Abin da na nanata wa lauyana ke nan:
ban taɓa shi ba.
A garinmu mutum zai rantse da hantsi sai ya ga jinin wani,
da la'asar ka tarar da hannuwansu a kwano ɗaya.
Fatar baki ce, iska ce.
Ya ce a nan iskar ma ana auna ta.
Ka bi mutum sau biyu da abin da zai hana shi barci,
doka ta san sunan abin.

Shafi ɗaya aka miƙo mini.
Kada in kira, kada in rubuta, kada in aiki wani,
kada ƙafata ta taka layinsu har shekara biyu.
A layin nan mahaucin da ke ajiye mini kan rago yake.
Na canza mahauci, na canza masallacin Juma'a.
Ina sauka daga bas saura tasha ɗaya,
in zaga ta bayan makaranta, ruwa na dukana,
ina ƙunƙuni cikin kwat:
kuɗina aka ci, kuma ni aka shata wa iyaka.

Ba shafin nan ne ya karya ni ba.
Layi uku ne cikin bayanin matarsa.
'Yarsu Suwaiba, shekararta bakwai,
wadda ni na raba dabino ranar sunanta,
ta ji muryata na fita daga wayar babanta.
Tun daga daren take jan kujera
ta tokare ƙofa kafin ta kwanta,
ta ɗaga gefen labule ta duba
ko motar Baba Tanimu ta dawo.

Baba Tanimu.
Ni ke nan.
Mai kawo mata alawar madara in na je gida na dawo.

Ashe na taɓa.
Na bar hannu a aljihu, na aiki harshe,
ya hau bene, ya wuce wanda nake bi bashi,
ya zauna a bakin gadon yarinya.

Bashin yana wata kotu yanzu,
wata takarda, wani dogon jira.
Ya biya, ya ƙi, Allah na nan.
Fushin bai mutu ba, ba zan yi ƙarya ba,
jiya ma ya tashe ni ƙarfe biyu.
Na kifa wayar a kan firij,
na sha ruwa a tsaye har ya wuce.

Abu ɗaya nake so a gaya mata:
ta mayar da kujera wajen tebur,
motar ba za ta sake zuwa ba.
Amma takarda ta hana ni aika ko da wannan,
kuma takardar ta fi ni gaskiya.
Sai dai shiruna ya je ya faɗa mata,
dare bayan dare,
har ta yarda.